Rigar Lamba Bakwai

Ranar da na sauka Kwatano ko sallar La'asar ban yi ba aka cuce ni. Ina faɗin wannan tun farko ne don kada wani ya ji an ce injiniya ya zaci mai wayo ne.

Tun ina Funtuwa wani dillali ya turo mini hotunan ɗaki ta waya, fes da shi, har da fanka da labule. Na tura masa kuɗin haya. Da ɗan zem, wato ɗan acaɓarsu mai rawayar riga, ya sauke ni a ƙofar gidan cikin unguwar Zango, sai na tarar da tela a ɗakin, da kekensa da matarsa da 'ya'ya uku. Labulen dai shi ne na hoton. Telan ya dubi wayata, ya dube ni, ya ce ni ne na huɗu a watan nan. Lambar dillalin har yau a kashe take.

Na ja jakata zuwa masallacin bakin titi, na yi salla, na zauna a dakali gumi ya jiƙe ni sharkaf, irin gumin garin teku da ba ya bushewa. Wani mai sayar da agogo ya tambaye ni ko lafiya. Na ba shi labari, har na faɗi sunan kamfanin da ya ɗauke ni aiki. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Baba Tanimu! Zo ga ɗan izin ɗinku, demarsha ya wanke shi tas!" Daga baya na gane izin masana'anta ke nan a Hausarsu, demarsha kuwa dillali.

Wani dattijo gajere, kakkaura, wuyansa kamar turmi, ya taso yana ɗaura igiyar takalmi. Bai ce mini sannu ba. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Kai ne aka ce za ka zo ka koya wa Raƙumi aiki? Kai da ba ka iya neman ɗaki ba?" Ya sunkuya ya aza jakata a kansa, ya yi gaba. Ban san inda za mu ba, na bi shi.

Ɗakin ɗansa da ya tafi Gabon ya ba ni. Matarsa, Inna Rakiya, ta share ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta kawo tuwon masara da wata miya mai yaji da ta sa na yi hawaye, ta tsaya tana dariya tana cewa ashe 'yan Najeriya baki ne kawai. A Zango aka haifi Baba. Kakansa ne ya zo fatauci daga Kano bai koma ba, shi kuwa bai taɓa wuce Legas ba. Yakan tambaye ni ko da gaske ne a Kano kowa Hausa yake yi, har 'yan sanda.

Watannin farko sun yi mini wuya. Faransanci ban iya ba, Hausar tawa kuma in na sako Turanci a ciki sai a yi ta dariya. Tufafi ba sa bushewa, biredi ya yi tauri kamar itace, ruwan sama ya cika lungu har gwiwa. Akwai ranar da na ji ƙamshin daddawa a wani lungu na unguwar Tokpa-Hoho, na tsaya cak a tsakiyar masu talla, na tuna ɗakin girkin mahaifiyata, kewar gida ta kama ni har sai da wata mai tallan kifi ta ture ni da tirenta. In na dawo a irin wannan hali Baba ba ya tambaya. Sai dai ya matsa mini a kan benci, ya miƙo mini rabin goro.

Kamfanin na shinkafa ne, sitonsa yana kusa da tashar jiragen ruwa. Buhuna suna fitowa a kan bel, 'yan dako su ɗauka su hau katako su jera a manyan motoci. A da, mutum biyu ne ke cicciɓar buhu su aza wa ɗan dako. Sai masu kamfani suka sayo wani hannun ƙarfe mai kwamfuta a ciki, wanda zai yi aikin azawar. Saboda dogon wuyansa da yadda yake sunkuyawa, 'yan dako suka sa masa suna Raƙumi. Baba yana cikinsu. Shekara talatin yana dako, goma sha uku daga ciki a wannan siton.

Ba a bar Raƙumi ya kusanci mutum tun farko ba. An kewaye shi da shingen waya, yana ajiye buhu a kan wani dogon teburi, ɗan dako ya ja daga nan. Kowane ɗan dako an ba shi riga mai lamba, wadda suke kira jile, da wani ɗan maɓalli ɗinke a kafaɗa. Duk wanda ya zo bakin teburin, wata na'ura za ta karanta lambarsa, ta auna tsawonsa, ta lura da yadda yake tsayawa da saurin da yake jan buhu. Daga nan Raƙumi yake koyon halin kowa. In ya gama koyo za a cire shingen, ya riƙa aza wa kowa buhu kai tsaye, daidai tsawonsa, daidai saurinsa.

Ni aikina a bene yake, a ofis mai sanyi. Na gina siton gaba ɗaya a cikin kwamfuta, da bel ɗinsa da Raƙuminsa da wasu 'yan mutane na zane masu lambobi. Abin da za a yi a ƙasa cikin yini guda, ni sai in gwada shi sau ɗaruruwa kafin shayina ya huce, in ga inda za a yi karo, inda ake ɓata lokaci, in gyara. Shugabata Madam Selestin ce, injiniya 'yar ƙasar, ta yi karatu a Ghana, shi ya sa da Turanci muke magana. Mace ce mai adalci, amma ba ta karɓar magana sai da hujja. Gaskiya ina son aikin, har ina jin kaina. Ina ganin na san mutanen siton nan fiye da yadda suka san kansu, alhali ta taga nake hango su.

Abin da kowa ya sani, ba a dai faɗa a fili, shi ne in aka cire shinge za a rage mutane, kuma daga ƙasan lissafin buhunan da kowace lamba ke ɗauka za a fara. Baba saura shekara ɗaya da rabi ya kai lokacin fansho, abin da suke kira retret. Ban damu ba, don lambarsa bakwai, kuma lamba bakwai tana tsakiyar lissafi, lafiya lau. Har alfahari nake da shi a raina.

Saura kwana goma a cire shinge na lura da wani abu. Lamba bakwai da safe gajere ne. Bayan Azahar sai ya ƙara tsawo, wani lokaci da kamu guda, ya kuma ƙara sauri. Na ce na'urar awo ce ta lalace. Na sa aka canza ta, aka goge ƙurar shinkafa, aka sake canzawa. Lamba bakwai ya ci gaba da girma kullum bayan Azahar.

A ofis nake yin sallata ni kaɗai, wai don kada in ɓata lokaci, amma gaskiyar magana sanyin ne ba na son bari. Ran nan wuta ta ɗauke, zafi ya koro ni ƙasa, na bi jam'i a bayan sito. Kowa ya tuɓe rigarsa ya rataye a ƙusa kafin alwala, saboda ƙura. Da aka idar, ina zaune ina addu'a, na ga Isufu Dogo, wani ƙaton ɗan dako da ke maƙwabtaka da mu a Zango, ya miƙa hannu ya zari lamba bakwai ya saka. Baba ya ɗauki sha biyu, ta Isufu, ta sauko masa har cinya. Ba wanda ya kalli wani. Ko magana ba su yi ba, kamar masu canza takalmi a ƙofar masallaci.

Na tare Isufu a bakin famfo. Bai yi musu ba. Ya ce, "Enjeniyer, mu huɗu ne. Yau ni, gobe wani. Da safe tsoho yana da ƙarfinsa, da rana ne gwiwa ke cin amanarsa. Kowa ya ba shi yammacinsa ɗaya, ba wanda zai faɗi ƙasa. Wala, shi ke nan."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka raba jile." Ya watsa ruwa a fuska ya dube ni. "Shi ya koya mini dako a kasuwar Dantokpa, ban san komai ba. Mu duka huɗun nan shi ya kawo mu izin. Kai kuma a ɗakin ɗansa kake kwana. Ba ka ga komai ba, dakor? Ka yarda?"

Na ce ban ga komai ba. A lokacin har daɗi abin ya yi mini. Na hau bene ina murmushi, ina cewa 'yan dako sun yi wa kwamfuta wayo.

Murmushin bai kai La'asar ba. Ina zama sai tambaya ta faɗo mini: in aka cire shinge, wa Raƙumi zai zaci yana aza wa kaya? Shi bai san fuska ba, lamba ya sani. Na buɗe siton nan nawa na cikin kwamfuta, na zana ɗan mutum daidai tsawon Baba, mai tsayawa ya gyara ƙafa ya ja numfashi kafin ya karɓi kaya, kamar yadda Baba yake yi. Na sa masa lamba sha biyu. Na danna.

Raƙumi ya sauko da buhu daidai tsawon Isufu, wato sama da kan ɗan mutumin nan da tazara. Isufu ba ya tsayawa, yana shigowa yake karɓa, don haka Raƙumi bai jira ba, ya saki. Kilo hamsin ya faɗo a wuyan mutumin tun ƙafarsa ɗaya ba ta zauna ba. Zanen ya kife. Na ce kuskure ne, na sake. Na gwada da rigunan sauran ukun. Na rage tazarar, na ƙara wa ɗan mutumin ƙarfin da na san Baba ba shi da shi. Yana faɗuwa, ina tayar da shi, yana faɗuwa. Zane ne kawai, layi biyar da ɗigo, amma Baba nake gani.

Na nemi hanyar da ba za ta tona kowa ba. Na je wa Madam na ce ina so a canza tsari, Raƙumi ya daina dogara da abin da ya koya, ya riƙa auna mutum a duk zuwa, kuma kada ya saki buhu sai ya ji an karɓi nauyin. Ta ce shawara ce mai kyau, amma za ta rage gudun aiki, kuma wannan ɓangaren a kulle yake, ba a taɓa shi sai da sa hannunta da dalili a rubuce, don masu kamfani za su tambaye ta. Na yi ta kame-kame. Ta cire tabarau ta ce, "Sagir, me ka gani? Kawo mini shi ranar Juma'a. In babu, Litinin za a cire shinge yadda aka tsara."

Ranar Alhamis da yamma, bayan mun taso, na sami Baba a ƙofar gida yana wanke ƙafa. Na durƙusa na nuna masa a waya. Ya kalli ɗan mutumin yana kifewa sau uku. Ya ce, "Wannan ɗan tsinken ni ne?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

"To ai ni ba na faɗuwa haka. Ordinatar ɗinka bai san ni ba. Na ɗauki buhun gishiri jiƙaƙƙe a kan katako ana ruwa, kai ba a haife ka ba." Kwamfuta yake nufi da ordinatar.

Na ce masa wancan mutane ne suke aza masa, suna ganin idonsa, ba sa saki sai ya shirya. Na ce in ya koma rigarsa ma bai tsira ba, don Raƙumi ya riga ya koyi cewa lamba bakwai dogo ne bayan Azahar. Ya ci gaba da zuba ruwa a ƙafar da ta riga ta fita. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In ka faɗa, sun kore ni. Shekara ɗaya da rabi, ɗana. In kai wa Inna retret ɗin nan, in ya so in zauna. Wuyan nan nawa ne ko naka?"

"Naka ne, Baba."

"To ka bar ni da wuyana."

Bai taɓa roƙona komai ba sai ran nan. Mutumin da ya ɗauki jakata a kansa bai san ko ni ɓarawo ba ne, yau abu ɗaya yake nema a wurina, in yi shiru. Kuma ina da abin fakewa: ba ni na canza riga ba, ba ni na ce a cire shinge ba, mai wuyan ma ya yafe. Na yi ta jujjuya wannan a raina, ina so ya zauna, ya ƙi zama. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ni zan danna maɓallin ranar Litinin, ina sane, sannan in dawo gidan nan in karɓi tuwo daga hannun Inna.

Ranar Juma'a da safe na hau bene na nuna wa Madam komai. Ta kalla har ƙarshe. Sannan ta ce, "Da ka yi shiru, da ni da kai mun kashe mutum." Na roƙe ta. Ban taɓa roƙon wani haka ba. Ta ce mutum huɗun nan ba za ta rubuta sunansu ba, za ta ce an sami rikicewar riguna. Za a ɗage cire shinge, a gyara Raƙumi yadda na ce, a share duk lissafin baya, a sake sabo na mako biyu, kowa da rigarsa. "Abin da ya fito shi zan kai. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Iyakar abin da ke hannuna ke nan."

Kafin sallar Juma'a labari ya gama sito. Isufu ya wuce ni a bakin ƙofa kamar bai taɓa ganina ba. A Zango mai agogo ya daina amsa gaisuwata, mai shayi ya riƙa ba ni kofi ba tare da ya dube ni ba. Wani ya faɗa a bayana, da ƙarfi don in ji, cewa ɗan Najeriya ya ci tuwon mutum ya sayar da shi. Ban ji haushinsu ba, don ni ma rabin zuciyata haka take cewa. A gida kuwa Baba yana amsa sallamata, Inna tana aiko da abinci, amma benci ya daina samun wurin mutum biyu.

Mako biyun nan na gan su ta taga. Baba ya sa lamba bakwai tun safe har yamma. Bayan Azahar in ya hau katako sai in ga ƙafarsa tana karkarwa, ya tsaya, ya ci gaba. Isufu da sauran suna rage gudu da gangan don kada tazarar ta yi yawa, har shugaban 'yan dako ya yi musu tsawa. Baba da kansa ya hana su. Bai huta ko sau ɗaya ba in ba lokacin salla ba. Duk da haka, da lissafi ya fito, shi ne na ƙarshe. Aka sallami mutum uku, sunansa ne a sama.

Ranar Asabar da hantsi na fara haɗa kayana. Na riga na yi magana da wani abokin aiki a unguwar Gbégamey zai ba ni wuri. Ina naɗe tabarma sai inuwa ta rufe ƙofa. Baba ne, da 'yar shara, hannunsa a baya.

Ya ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Baba, ba ni da idon zama."

"Wa ya kore ka? Ajiye tabarmar mutane." Ya shigo ya zauna a bakin gado. Na jira faɗa, ina ma so ya yi, ko na ji sauƙi. Sai ya ce, "Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ce ban gaya maka ba. Amma akwai abin da nake so in sani, takardar sallamarsu ba ta faɗa ba. Ordinatar ɗinka ya ƙirga nawa na gaskiya, ko? Wanda na ɗauka da kaina?"

Na ce ya ƙirga.

"Nawa ne a awa?"

"Talatin da ɗaya, Baba."

Ya ɗago. "Da yamma fa?"

"Har da yamma aka haɗa."

Ya maimaita a hankali, talatin da ɗaya. Ya ce shi duk watannin nan yana zaton bai fi ashirin ba, shi ya sa bai taɓa yarda ya tambaya ba. Ya miƙe ya leƙa tsakar gida ya ƙwala kira, "Rakiya! Kin ji? Talatin da ɗaya a awa! Ba na aro ba, nawa!" Inna ta amsa daga madafa, ta ce ta ji, Malam, ta ji. Ni kuwa na juya fuskata bango, don hawaye sun riga sun zubo.

Ban tashi daga gidan ba. Ranar Litinin aka cire shinge. Na fito da sassafe zan nemi zem, na tarar da Baba zaune a kan benci, ya yi wanka, ya ɗaure takalman aikinsa tsaf. Na gaishe shi, ya amsa. Na tsaya a gabansa. Ya dubi takalman, kamar a lokacin ya lura da su a ƙafarsa, ya ce, "Wuce mana, ɗana. Kai kana da inda za ka makara."